Ranar da Guduma Ya Rungumi Dutse

Guduma ake ce masa, kuma ba don wadda yake fasa dutse da ita kaɗai ba. Duk wanda hannunsa ya taɓa sauka a kansa ya san dalili. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar kututture, tafin hannunsa ya yi kanta har yana ɗaukar garwashi ya kunna taba. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa zuwa dutsen da ke bayan gari, kuma a can furfura ta same shi.

Aikin nasu ba ya canzawa. A jera tsofaffin tayoyin mota a kan falalen dutse, a cinna musu wuta, a bar su su ci har dutsen ya ɗauki zafi. Sai a kwara masa ruwa. Dutsen ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya tsage. Daga nan a cusa ƙarfe a cikin tsagar, a yi ta maka masa guduma har wani ɓangare ya ɓalle. Maza su farfasa manyan, mata da tsofaffi su zauna a ƙarƙashin rumfar buhu suna mayar da su tsakuwa. Da la'asar tifa ta zo ta kwashe. Rabin unguwar da dutsen nan suke ɗora tukunya.

Kowa a wurin yana da tabo, amma tabon da Guduma ya bari a jikin mutane ya fi na jikinsa yawa. An yi wani direban tifa da ya yi baya ya take wa wata tsohuwa kwanon awo, ya kuma leƙo yana dariya. Guduma ya jawo shi ta taga, ya yi ta buga fuskarsa da ƙofar motar har madubi ya tarwatse. Ba shi da zagi, ba shi da ihu. In ransa ya ɓaci shiru yake yi, ya sunkuya a hankali ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙasa. Mutane sun san wannan alamar. Da zarar an ga Guduma ya ajiye abu, kowa yake kama gabansa.

Mafi munin abin da ya yi, saboda ƙanwarsa ya yi shi. Wani makaniki ta aura, mai saurin hannu. Wata safiya ta shigo gidan Guduma leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe, tana jan hannun 'yarta ƙarama. Yana shan shayi a lokacin. Ya dube ta, ya ajiye kofin a gefen tabarma ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, ya fita. A gareji ya sami mijin kwance a ƙarƙashin mota. Ya kama ƙafarsa ya jawo shi waje. Kafin a taru a ɓamɓare shi, muƙamuƙin makanikin ya goce, haƙoransa suna warwatse a cikin baƙin mai. Da Guduma ya juyo yana haki, sai ya ga yarinyar tsaye a bakin garejin. Ashe ta biyo shi a guje, ba wanda ya lura. Ba ta yi kuka ba. Hannunsa kawai take kallo.

Ya yi zaman gidan yari a kan wannan. Da ya fito, ƙanwar da 'yarta suna gidansa, kuma nan suka ci gaba da zama. Ya riƙe yarinyar kamar shi ya haife ta. Sai dai duk ranar da ya miƙa hannu zai shafa kanta, sai ta noƙe wuya ta runtse ido. Tun yana gwadawa har ya daina. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin nan ya fi gidan yarin ci masa rai.

Yarinyar ta yi karatu, ta zama lauya. Ita da wasu abokan karatunta suka kama ɗaki a saman wani shagon batura, suna ba mutane shawara a kan filaye da ma'adinai, da kamfanonin da ke zuwa kafa wutar rana ko ta iska. Guduma bai san kan aikin ba, amma daga ranar da ta sa baƙar riga ya daina kiranta da komai sai Lauya.

Shekarar da kamfanin iska ya zo, da wani dogon ƙarfe aka fara. Suka kafa shi a ƙololuwar dutsen, wai yana auna ƙarfin iska. Masu fasa dutse suka yi ta dariya, suna cewa an zo auna abin da Allah yake ba kowa kyauta. Dariyar ta ƙare ranar da ɗan kwangilar kamfanin ya zo da hular kwano ya ce an ba su dutsen gaba ɗaya, za su kafa manyan fankoki masu ba da wutar lantarki, kowa ya kwashe komatsansa.

Guduma ya hau benen ofishin Lauya tare da Mai Taya, tsohon amininsa da ke kawo musu tayoyin ƙonawa. Ɗakin ƙarami ne, taswirori a manne da bango, fankar sama tana juyi tana ƙara. Mai Taya ya ɗaga kai ya dube ta.

"Irin wannan za su kafa mana? Ai wannan ko kaza ba ta firgita."

"Ta fi gidan nan tsawo, Baba," in ji Lauya. "Ku zauna. Kawu, ka zauna mana, ka tsaya kamar ka zo kama ɓarawo."

Ta saurare su har suka gama. Sannan ta ce takardar kamfanin ta gaskiya ce, hukuma ce ta ba su. Amma doka ta ce kafin a fara irin wannan aiki, sai an zauna da mutanen da ke cin abinci a wurin, an ji ta bakinsu, an san inda za a sa su. Ba a yi haka ba. Nan ne ƙofar da za ta shiga.

"Ke nan za a kore su?" in ji Guduma.

"A'a, Kawu. Wutar ma muna so. Zama za a tilasta musu su yi da ku."

Ta shigar da ƙara. Alƙali ya ba da umarnin wucin gadi: kowa ya tsaya inda yake, kamfani kada ya kafa shinge, masu fasa dutse su ci gaba da aikinsu har a saurari shari'ar. Unguwa ta ɗauki murna. Lauya kuwa ta zo gida da yamma fuskarta ba walwala. Ta tarar da Guduma a tsakar gida yana gyara ƙotar gudumarsa, matarsa tana wanke-wanke a bakin rariya. Ta jawo kujera ta zauna, nesa kaɗan da shi, yadda ta saba.

"Kawu, lauyansu ya faɗa wa alƙali cewa ku mutane ne masu haɗari. Ya ce ma'aikatansu ba su da aminci a kusa da ku. Har tsohuwar shari'arka ya tono."

Guduma ya ci gaba da gyara ƙotar.

"Alƙali ya ce ba a kawo masa shaida ba. To yanzu shaidar za a je nema. Za a turo muku mutane. Ba don su doke ku za su zo ba, za su zo ne don ku doke su. Wani zai tsaya a gefe da waya yana ɗauka. Mari ɗaya daga hannunku, a kai wa alƙali, ya janye umarnin. Washegari 'yan sanda su share dutsen, kuma ba ni da bakin magana."

"In aka mare ni fa?"

"Ka tsaya."

"In aka zagi uwata?"

"Ka tsaya."

Matarsa ta yarfe hannu ta yi dariya. "Ke 'yar nan, wa kike faɗa wa? Ni shawarata, mu kulle shi a ɗaki mu jefa makullin a rijiya. Mutumin da sauro ya cije shi ya fasa mana gado?"

"Ba zai yiwu ba, Inna. Samarin dutsen nan shi suke kallo. In ba ya nan, su za su fara. In yana nan bai motsa ba, ba mai motsawa."

Guduma ya juya tafin hannayensa yana dubawa, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Lauya, waɗannan ba sa shawara da ni. Kafin in sani sun tafi."

Lauya ta dubi hannayen. Sannan ta ce, "To ka nemar musu abin riƙewa. Kuma kada ka ajiye."

Da hantsi suka zo, ranar wata Talata, hayaƙin taya bai gama washewa ba. Motar a-kori-kura ta tsaya a gindin dutsen, ƙarti suka diddiro, wasu da gora, wasu da guntun rodi. Biyu suka koma gefe suka ɗaga waya. Mai Taya ya zame bayan rumfa ya kira Lauya. Samarin dutse suka miƙe, kowa da gudumarsa a hannu, suna kallon Guduma.

Guduma ya jingine tasa gudumar. Mata suka fara ja da baya, sun zaci alamar ce. Sai suka ga ya nufi wani ɓallin dutse da aka fasa da safe, wanda mutum biyu ke kamawa. Ya durƙusa, ya zura hannaye a ƙarƙashinsa, ya yi nishi ya miƙe da shi a ƙirji. Dutsen bai gama hucewa ba.

"Kowa ya zauna," ya ce. "Wanda ya ɗaga hannu, ni da shi ne bayan an gama."

Samarin suka zauna, suna cizon leɓe.

Ba ƙaton cikinsu aka turo masa ba. Wani siriri aka zaɓa, mai idon mage, wanda abokansa ke kira Tsinke. Da gangan aka yi, don in Guduma ya taɓa shi hoton ya yi muni. Tsinke ya zo yana rangwaɗa, ya zagaya shi.

"Kai ne Guduman? An ce kana karya mutane. Ashe goyo kake yi. Baba, jaririn naka mace ne ko namiji?"

Ƙartin suka fashe da dariya. Tsinke ya tofa masa yawu a gemu. Ya ɗauke shi da mari, ya ƙara a ɗaya kuncin. Ya zagi uwarsa, ya zagi ubansa da ke kabari, ya faɗi abin da ba ya maimaituwa a kan ƙanwarsa. Jijiyoyin wuyan Guduma suka tashi kamar igiya. Yatsunsa suka ƙara nutsewa a jikin dutsen. Kallonsa yana kan wata tsaga a saman dutsen da yake rungume da shi, ita kaɗai yake gani.

Da suka ga mari bai yi ba, sai aka sa gora. Ta farko ta sauka a gadon bayansa da ƙarar da har mata suka yi salati. Ta biyu a haƙarƙari. Ya ji wani abu ya ɓalle a ciki, numfashi ya zama kamar ana soka masa wuƙa. Wani ya maka masa a bayan gwiwa, ya durƙusa da ƙafa ɗaya, ya sake miƙewa. Gora ta fasa masa gira, jini ya rufe masa ido, ya gangaro ta gemu yana ɗiga a kan dutsen. Wani saurayi ya zabura da guduma, Mai Taya ya rungume shi ta baya suka faɗi tare.

"Zauna, ɗan banza! Zauna! Kana so jininsa ya zuba a banza?"

A nan ne Lauya ta iso a bayan babur. Ta diro tun bai tsaya ba, ta haura dutsen takalmi a hannu, wayarta a sama tana ɗauka. Tana faɗin ranar, tana faɗin wurin, tana faɗin cewa akwai umarnin kotu a kan wannan dutse. Matan da ke da waya suka ga haka, su ma suka fito da nasu.

Tsinke ya dube ta, ya dubi Guduma, ya yi murmushi. Ya gane inda ciwon yake. Ya taka har gabanta, ya fizge mayafinta ya yar, ya wanke ta da mari. Ta faɗi a kan tsakuwa. Leɓenta ya fashe.



Da idon da ya rage masa Guduma ya ga leɓen. Irin fashewar nan ce, a daidai wurin, kamar na uwarta a waccan safiyar. Komai ya yi masa shiru, irin shirun da ya sani tun yana saurayi. Gwiwoyinsa suka fara lanƙwasa. A hankali, a hankali, ya fara sunkuyawa, dutsen yana sauka daga ƙirji zuwa ciki, daga ciki zuwa cinya. Masu ɗaukar hoton kamfani suka matso. Tsinke ya gyara tsayuwa, ya kawo fuskarsa kusa.

"Kawu!"

Tana zaune a ƙasa, jini a haɓarta, wayar tana hannunta har yanzu.

"Kawu, kada ka ajiye. Ina kallonka. Don Allah kada ka ajiye."

Ya tsaya a haka, a sunkuye, dutsen saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Bayansa yana karkarwa. Sai ya yi wani gurnani da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ya ja dutsen ya mayar ƙirji, ya miƙe tsaye.

Wannan ne ya haukata su. Wani mai rodi ya zagayo ta gaba yana ihu, "Sake shi! Sake shi, tsohon banza!" Ya maka rodin a kan yatsun hannun dama, ƙarfe a sama, dutse a ƙasa. Aka ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Ya sake makawa. Farcen babban yatsa ya tashi, naman ya dare. Guduma ya ƙanƙame dutsen da damtse da haɓa tunda yatsun sun daina jin magana. Bai san lokacin da ƙasa ta taso ta same shi ba. Ta gefe ya faɗi, dutsen yana jikinsa.

"Sun kashe shi!" wata mata ta kurma ihu. "Wayyo, sun kashe Guduma!"

Kisa ba ya cikin abin da aka aiko su. Ƙartin suka dubi juna, suka dubi wayoyin da ke kewaye da su, suka ruga mota. Sai da mutum uku suka taru kafin a zare dutsen daga hannayensa, domin ko a sume bai saki ba.

A asibiti ya farfaɗo, ƙirji a naɗe, gira a ɗinke, hannun dama ya zama ƙaton dunƙulen bandeji. Matarsa tana gefe idonta ya kumbura, amma bakin bai mutu ba.

"Ka tashi? Duk shekarun nan ina roƙonka ka daina faɗa, ashe da ka daina abin ya fi muni."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana. Ya juya ido ya ga Lauya a bakin gado, leɓenta a kumbure.

"Na taɓa wani?" ya tambaya. Da gaske yake, bai tuna ba.

"Ba ka taɓa kowa ba, Kawu."

Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, zai share gumi. Sai ta sunkuyo, ta kama hannun da nata biyu, ta ɗora shi a kanta. Ba ta noƙe ba, ba ta runtse ido ba. Guduma ya juya fuska bango, ya daɗe bai juyo ba.

Alƙali ya kalli abin da wayoyi suka ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Lauyan kamfanin ya ce su ba su aiki kowa ba, ɗan kwangila ne ya yi gaban kansa, kuma sun sallame shi. Alƙali ya ce wannan maganar 'yan sanda ce, amma shi dai an ce masa akwai masu haɗari a kan dutsen, kuma yanzu ya ga ko su wane ne. Umarnin ya tsaya. Kamfani ya zo teburin zama.

Ba a samu duka ba. Lauya ta faɗa musu tun farko ba za a samu ba. Ƙololuwar dutsen da ɓangaren yamma suka tafi, aka kewaye su da waya. Ɓangaren gabas ya zauna a hannun masu fasa dutse, da hanyar tifa, a rubuce, da sa hannun kowa. Wasu samari suka yi gunaguni cewa da an bar su sun yi faɗa da ba a ɗauki ko taku ɗaya ba. Mai Taya ya ce duk mai wannan magana ya je ya faɗa a gaban Guduma. Ba wanda ya je.

Yatsun ba su koma daidai ba. Uku sun ƙage a lanƙwashe, ba sa rufuwa a kan ƙota. Mutumin da ya yi rayuwarsa da guduma, yanzu ko cokali da hagu yake riƙewa. Ranar da ya koma dutsen, ya tarar mata sun ware ɓallin nan a gefen rumfa, jininsa ya bushe ya yi baƙi a jiki, sun hana kowa taɓawa.

"Wannan fa?" ya ce.

"Ajiye shi muka yi," in ji Mai Taya. "Don 'yan baya su gani."

"Su ga me? Dutse ne. Ku fasa shi, tifa na zuwa da la'asar."

Aka fasa shi, ya shiga cikin tsakuwa, ya tafi ginin wani da bai san komai ba.

Yanzu aikin wuta ne a hannunsa. Shi ke jera tayoyi, shi ke sanin lokacin da dutse ya ɗauki zafi, shi ke cewa a kwara ruwa. A samansa fankokin suna juyi, inuwarsu tana wucewa ta kan rumfar mata tana dawowa. In samari biyu suka fara cacar baki har aka kai ga cin kwala, ba ya tashi daga inda yake. Da lanƙwasasshen hannun yake nuna musu tarin duwatsu.

"Kai, ɗauki wancan. Kai ma ɗauki wancan. To, ku ci gaba da maganar, ina ji."